Zaren kala-kala da zanen gicciye a saƙar kwarashi

'Yar'uwa, kin ce zarenki yana fitowa dabbare-dabbare, zanen gicciyen, wato layukan kala masu gitta juna, ya ƙi fita. Lissafi ne. Shimfiɗa zaren kan tabarma ki duba, dole kalolin su riƙa dawowa bi da bi. Sai ki ƙirga ɗauri nawa, wato ƙullin da kwarashi ke yi, kowace kala ke ci, misali ja 4, fari 3. Faɗin saƙar ya zama zagaye ɗaya na kalolin, ki rage ɗauri 1. Ragin nan ne ke gusar da kala kaɗan-kaɗan har zanen ya fito. In jan zai ƙare bai cika 4 ba, matse hannu. In ya yi saura, sassauta. A babbar kasuwar Katsina ki sayi abin da zai ishe ki lokaci guda, rini yakan bambanta.