Me Ya Hana Su Dariya?

Tambaya: Anti, ƙanena ya nace wa finafinan Faransa. Samarin ciki kullum fuska a murtuke, ba waƙa ba rawa. Ina daɗinsu? Daga wata mai karatu, Damagaram.

Amsa: Ƙanwata, ni ma da barci suke sa ni, sai da na kalli Le Samouraï na 1967. Kusan minti 10 jarumin fim ɗin, Alain Delon, bai ce uffan ba. Yana kwance yana busa sigari, ɗan tsuntsu na kuka a keji, ya tashi ya gyara bakin malafarsa a madubi. Wallahi gabana ya riƙa faɗuwa. Ba a gaya miki abin da ke ransa, ke za ki laluɓo. Amma fa kada ki jira biki a ƙarshe, harbe shi ake yi.