Matambayi Ba Ya Ɓata: Wai a Amurka wace jam'iyya ce ta yaƙi, wace ce ta talaka?

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan rabinsu kan Amurka ne, kamar kun haɗa baki. Na ɗauki huɗu, masu tambayar aure da gado ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam ya aiki ya iyali. Don Allah ka raba mana gardama ni da yayana, kusan sati biyu kenan kullum bayan isha'i sai mun tayar da ita a wajen mai shayi har ya fara cewa muna korar masa kwastoma, shi yace 'yan Rifablikan su ne 'yan yaƙi tunda Bush ne ya rusa Iraƙi kuma su ne masu rage wa attajirai haraji, Dimokrat kuma na talaka ne, ni kuma nace ai a hannun Obama aka kashe Gaddafi kuma Biden na kan kujera aka ragargaza Gaza, gara Trump shi ɗan kasuwa ne ba ruwansa da yaƙi. Waye mai gaskiya? Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ka gaida Yaya, ka kuma ba mai shayi haƙuri don amsar nan ba lallai ta kashe gardamar ba.

Mu fara da Iraƙin da Yaya ya kafa hujja da ita. Gaskiya ne Bush ne ya tura sojoji a watan Maris na 2003 da sunan Saddam na ɓoye makaman ƙare dangi, waɗanda har aka gama ba a gansu ba. Amma kafin nan sai da ya je majalisa a Oktoban 2002 neman izini, kuma a majalisar dattawa mutum 77 suka ce eh, 23 suka ce a'a. Cikin masu eh ɗin nan akwai 'yan Dimokrat 29, har da Joe Biden da Hillary Clinton da John Kerry, wato duk mutum ukun da jam'iyyar ta zo ta tsayar takarar shugaban ƙasa daga baya. Toh kaga idan laifi ne da su aka yi.

Kai ma kada ka yi saurin dariya. Trump ɗinka a 2016 ya tsaya gaban 'yan jam'iyyarsa yace yaƙin Iraƙi babban kuskure ne, a gaban ƙanin Bush ɗin ma, kuma jama'a suka bi shi. Amma shi ne ya sa aka kashe Janar Ƙasim Sulaimani na Iran a Bagadaza ranar 3 ga Janairun 2020, shi ne kuma a Yunin 2025 ya tura jirage suka yi wa tashoshin nukiliyar Iran luguden wuta a Fordo da Natanz da Isfahan. Obama kuwa sunan da ya yi na farko da adawa da yaƙin Iraƙi ya yi shi, sai gashi a Disambar 2009, watan da ya je karɓar lambar yabo ta zaman lafiya ta Nobel, a watan ne ya sanar da ƙarin soja 30,000 zuwa Afganistan, kuma a zamaninsa jirage marasa matuƙa suka zama ruwan dare a Pakistan da Yaman da Somaliya.

Abin da nake so ku gane shi ne tsagar ba tsakanin jam'iyyun biyu take ba, cikin gidan kowacce ta ratsa. A ɓangaren Dimokrat akwai irin su Sanata Bernie Sanders da suka ƙi yaƙin Iraƙi tun farko, kullum maganarsu kuɗin bam a kai shi asibiti da makaranta, akwai kuma manyan jam'iyya masu ganin dole Amurka ta zama 'yar sandan duniya. A Rifablikan ma haka, akwai tsofaffin hannu irin su Lindsey Graham da duk inda aka ce a kai hari yana sahun gaba, akwai kuma sabbin masu cewa Amurka farko. A Afrilun 2024 da aka kawo batun ba Yukren tallafin kusan dala biliyan 61 a majalisar wakilai, 'yan Rifablikan 101 suka yarda, 112 suka ƙi, jam'iyya ɗaya fa, ta rabe kusan biyu daidai.

Inda maganar ta haɗu da tattalin arziki shi ne wajen biyan kuɗin, kuma nan ne nake ganin ku duka biyun baku leƙa ba. Lokacin yaƙin Biyetnam shugaba Johnson ɗan Dimokrat ya so ya haɗa gudu da susar gindi, ga yaƙi ga manyan shirye-shiryen yaƙi da talauci a gida, da abin ya ci tura sai da aka ƙara wa mutane harajin kashi 10 a 1968, kowa ya ji a aljihunsa, ga kuma ana ɗibar 'ya'yan mutane aikin soja dole, wannan ɗibar ce ta sa zanga-zanga ta cika tituna har Johnson ya haƙura da sake tsayawa. Bush ya ɗauki darasi. Ya rage haraji a 2001, ya sake ragewa a Mayun 2003 wata biyu kacal da shiga Iraƙi, yaƙi biyu a lokaci guda duk da bashi aka yi su. Ya tarar da gwamnati na da rarar kuɗi a kasafinta, bashin ƙasa bai kai dala tiriliyan 6 ba, ya sauka ya haura 10. Aikin soja kuma tun 1973 ya zama na ganin dama, da yawa daga masu shiga suna neman a biya musu kuɗin jami'a da asibiti ne.

Sai ga 2008, bankuna suka durƙushe, majalisa ta ware dala biliyan 700 don ceto su yayin da miliyoyin mutane ke rasa gidajensu. Ga masana'antu na rufewa suna komawa Chaina da Meziko, ma'aikatan masana'antu daga wajen miliyan 17 a 2000 suka dawo ƙasa da miliyan 12 a 2010. Ka ɗauki mutumin jihar Ohayo da kamfanin garinsu ya rufe, ɗansa ya dawo daga Falluja ta Iraƙi da ƙafa ɗaya, yana kallon talabijin ana cewa an ceto banki, wannan mutumin me zaka gaya masa? Fushinsa ne ya haifar da Trump ta dama ya ɗaga Sanders ta hagu a shekara guda. JD Vance mataimakin Trump ma ɗan irin garin nan ne a Ohayo, ya yi aikin soja a Iraƙi, kuma yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya kan ƙin ba Yukren kuɗi.

Batun haraji dai Yaya ya fi ka gaskiya, wannan kam jam'iyyun sun bambanta sosai. Dokar inshorar lafiya ta Obama a 2010 ko ɗan Rifablikan ɗaya bai sa mata hannu ba a ƙuri'ar ƙarshe, dokar Trump ta 2017 da ta sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 ita ma ko ɗan Dimokrat ɗaya bai zaɓa ba. Amma kasafin soja da ya haura dala biliyan 800 a shekara, da dala biliyan 3.8 da ake ba Isra'ila duk shekara a yarjejeniyar da Obama ya ƙulla a 2016, waɗannan lami lafiya suke wucewa da hannun kowa. Ni a nawa ganin ku raba kuɗin shayin biyu.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ni ɗan Agadas ne, sojojin Amurka sun yi shekaru a bayan garinmu muna jin tashin jiragensu sai kuma rana ɗaya suka kwashe, tambayata wai talakan Amurka ya ma san da zamansu a nan kuwa, kuma shugaban ƙasarsu shi kaɗai yake tura soja inda ya ga dama ko sai an tambayi majalisa?

AMSA: Lafiya lau ɗan'uwa, a gaida mutanen Abzin. Bar ta talaka, sanatocinsu ma wasu basu sani ba. Ranar 4 ga Oktoban 2017 da aka yi wa ayari kwanton ɓauna a Tongo Tongo kusa da iyakar Mali aka kashe sojan Amurka 4 tare da sojojin Nijar, Lindsey Graham ɗin nan da na ambata, wanda a lokacin yake cikin kwamitin kula da harkar soja, fitowa yayi a talabijin yace shi bai san suna da soja wajen dubu a Nijar ba. Sansanin naku mai lamba 201 an kashe masa sama da dala miliyan 100, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sojojin Yamai suka soke yarjejeniyar a Maris na 2024, zuwa Satumba an gama kwashewa, kuma a yaƙin neman zaɓen da ake tsakiyar yi a Amurka lokacin da ƙyar zaka ji wanda ya ambaci sunan Nijar, farashin ƙwai da man fetur ake ta faɗa a kai.

A takarda majalisa ce ke da ikon shelanta yaƙi, amma rabon da ta yi hakan tun 1942. Akwai dokar 1973 da tace shugaba ya sanar da majalisa cikin awa 48 kuma ya janye cikin kwana 60 idan bata amince ba, sai dai kowane shugaba da lauyoyinsa. Obama a Libiya a 2011 ya wuce kwana 60 ɗin, lauyoyinsa suka ce ai ruwan bam daga sama bai kai a kira shi yaƙi ba tunda ba sojan ƙasa. Sannan akwai izinin da aka ba Bush kwana uku bayan harin 11 ga Satumban 2001 na farautar Alƙa'ida, mace ɗaya tilo Barbara Lee ta ƙi a majalisar wakilai, 420 da 1, kuma da wannan 'yar takardar aka yi ta fakewa shekara sama da ashirin daga Afganistan har Somaliya.

Libiya kuwa ku kuka fi kowa sanin abin da ta jawo, makaman Gaddafi suka fantsama Sahel, Mali ta kama da wuta a 2012. Obama da bakinsa a 2016 yace rashin shirin abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne babban kuskurensa. Kuma don adalci, ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya buɗe ƙofar harin Najeriya na cikin ƙasashe 10 da suka ɗaga masa hannu, ita da Afirka ta Kudu da Gabon.

TAMBAYA: Salam Malam, naji a rediyo an rufe hukumar tallafin Amurka ta USAID wai don kuɗin da suke ba ƙasashenmu ne ya talauta su, da gaske ne? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Gombe.

AMSA: Hajiya sannu da aiki. An rufe ɗin da gaske, a Yulin 2025 aka mayar da ragowar aikinta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Amma batun talautawa babu shi, duk tallafin da Amurka ke bayarwa a waje wajen kashi 1 ne cikin 100 na abin da gwamnatinsu ke kashewa, su kuwa mutanen gari idan aka tambaye su sai su ce ai ya kai kashi ɗaya cikin huɗu. Manyan masu cin kuɗin su ne fanshon tsofaffi da kiwon lafiya da soja da kuɗin ruwan bashi, wanda a 2024 shi kaɗai ya zarce kasafin soja. Sai dai tsoho yana zaɓe, kamfanin ƙera makamai yana da ma'aikata a jihohi da yawa kuma kowane sanata na kare na jiharsa, mai karɓar maganin ƙanjamau a Gombe kuwa ba shi da ƙuri'a a can, shi yasa wuƙar ta fara ta kansa.

Wani abin mamakin, shirin PEPFAR na maganin ƙanjamau Bush ne ya kafa shi a 2003, shekarar da ya shiga Iraƙi, kuma a 2025 da aka so yanke masa dala miliyan 400 wasu sanatocin Rifablikan ne suka tsaya kai da fata sai da aka cire shi daga jerin.

TAMBAYA: Malam harajin da Trump ya ɗora wa kayan Chaina, Chaina ce ke biya ko? Daga wani ɗan kasuwar Kantin Kwari.

AMSA: Alhaji kai da kake fito da kaya ai ka fi ni sani, idan kwastan suka ƙara kuɗin kwantena a Apapa mutumin Guwanzu na Chaina ne ke biya ko kai? Haka yake a can, ɗan kasuwar Amurka mai shigo da kayan shi ke biya a tashar jirgin ruwa, sannan ya ɗora abin da zai iya a kan mai saye. Masu goyon baya suna cewa a jure, haka ne zai sa masana'antu su dawo gida, kuma Biden da ya hau bai cire na Chaina ba, ƙari ma yayi a kan motocin lantarki zuwa kashi 100 a 2024. A zagayen farko na 2018 Chaina ta rama ta hanyar ɗora nata harajin kan waken soyan Amurka ta koma saye daga Burazil, manoman da akasarinsu Trump suka zaɓa suka shiga uku, sai da gwamnati ta raba musu sama da dala biliyan 20 na rage asara a cikin shekara biyu.