Amsa ga Hajiyar da ɗanta ɗan ninƙaya ke shirin gama jami'a a Jidda

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na ga tambayarki tun shekaranjiya amma na ce bari sai na samu natsuwa, don maganar ba ta layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba, Hajiya cewa ta yi ɗanta zai gama jami'a nan Jidda ƙarshen wannan zangon, muhasaba, wato aikin akanta, ya karanta, shekara huɗu yana yi wa jami'ar ninƙaya ya tara lambobi har da kofi, yanzu ya ce a bar shi shekara biyu ba aiki ba komai sai ruwa, wai yana ganin ɗaliban Amurka idan sun gama ana jero abin da suka ci da inda kowa ya dosa, shi ma yana so ya gwada sa'arsa. Alhaji kuma ya ce sam, ga wani kamfani zai ɗauke shi a yi masa naƙalin kafala, wato a mayar da takardar zamansa daga sunan babansa zuwa na kamfanin. Gida ya rabu biyu ita tana tsakiya.

Ni dai ɗan Mai Wurno ne, bakin bahar, wato kogin Nilu, aka haife ni kusa da Sinnar a Sudan, kuma ba wanda ya koya mana iyo, yayyenmu ne ke tura mu daga kan kwale-kwale in ka sha ruwa sau uku na huɗu ka iya. Na yi wa jami'armu ninƙaya a Hartum, na gama, na zo ƙasar nan, na yi shekaru ina gadin masbah, wato wurin ninƙaya, yanzu yara nake koyarwa suna kirana kabtin. To abin da yaron nan yake ji a ƙirjinsa na san shi, na kwana da shi.

Hajiya kafin komai ki ajiye maganar lambobin nan gefe ki tambaye shi abu ɗaya: a mita 100 sakan nawa yake yi, kuma a wane masbah aka auna, na mita 25 ko na mita 50, da agogon hannu ko da allon da ake taɓawa. Wlh a nan duk amsar take. Lamba tana nuna wa ka tarar a ruwa ranar ne kawai, in kun zo ku shida biyu ba su yi atisaye ba ɗaya na mura ai kai ne gwani. Ni ina da lambar zinariya da na ci da sakan 59, na dawo Mai Wurno aka yi ta guɗa, inna ta sa ta cikin gwangwanin madara ta kulle a akwati tare da takardun gona. A lokacin ji nake saura kaɗan na je Olamfik. Alhali lokacin da ake nema don shiga kai tsaye a mita 100 hurra, wato iyon da ba a ƙayyade salo ba, na maza a Olamfik ɗin Paris na 2024 sakan 48.34 ne, wanda ya ci kuma, Pan Zhanle ɗan China, 46.40 ya yi. Sakan goma a baki ba komai ba ne amma a ruwa yana nufin shi ya taɓa bango ya cire tabarau yana kallon allo kai ko kusa da tutocin da ake ratayawa dab da bangon ƙarshe ba ka zo ba. In yaronki yana 50 ko 51 yana ɗan shekara 22, to magana ce ta daban, a zauna a yi ta da gaske. In yana 56 zuwa sama kamar yawancinmu, gwani ne a jami'a, Allah ya yi albarka, amma shekara biyu ba za su cike wannan ramin ba ko da a cikin ruwan zai riƙa kwana.

Su kuma na Amurkan da yake kallo. Da farko dai masbah ɗin gasar jami'o'insu yadi 25 ne ba mita ba, yadi 100 bai kai mita 92 ba kuma juyi ya fi yawa, kowane juyi ka tokari bango ka samu gudu kyauta, shi ya sa in yaranmu suka ga lokutansu sai kai ya ɗaure, ba a gwada su da namu sai an juya lissafi. Na biyu wanda ya fi muhimmanci, ya karanta jerin nan da kyau har ƙasa. Shekara huɗu ake ba ɗalibi ya yi gasa, a yi babbar gasarsu ta hukumar wasannin jami'o'i NCAA a watan Maris, shikenan an gama, kuma mafi yawansu ranar ce ranar ƙarshe da za su hau dandamalin tsalle. Wannan za ta makarantar likita, wancan ya samu aiki a banki, wancan zai yi digiri na biyu, wani zai koma garinsu ya taya koci. Waɗanda suke ci gaba ƴan tsiraru ne kuma sunansu ne ke cika waya shi ya sa ake ganin kamar kowa ne. Leon Marchand ɗan Faransa ya bar gasar jami'a a Arizona a 2024 ya je Paris ya kwaso zinariya huɗu, to irinsa nawa ne a duniya. Wadda ni nake ba ɗalibaina labarinta ita ce Maya DiRado, ta gama Stanford a 2014, ta ce za ta ba ruwa shekara biyu kamar dai yadda ɗanki ya ce, ta je Rio a 2016 ta ci lamba huɗu biyu na zinariya, ta fito ta ajiye ninƙaya tana shekara 23 ta tafi aikin ofis. Amma ki lura, aikin yana hannunta tun kafin ta shiga, ɗaga mata ranar farawa aka yi, kuma tana cikin na gaba-gaba a ƙasarsu tun kafin ta ce a ba ta shekara biyun. Akwai kuma Nic Fink, injiniyan lantarki ne yana aikinsa cikakke yana atisaye safe da yamma, ya ci azurfa a iyon kwaɗo mita 100 a Paris yana shekara 31. Wannan ɗin shi ya fi kama da hanyar da za ta yiwu a gidajenmu.

Abin da ba wanda ya gaya min lokacin da na gama shi ne ba digiri kaɗai nake fita da shi ba, ina fita ne daga masbah kyauta, da koci kyauta, da motar da ke kai mu gasa, da abokai goma da in ban zo da asuba ba za su buga min ƙofa. Duk wannan ranar da ka ajiye katin ɗalibi ya tafi. Ni ma na ce wa baba a ba ni shekara ɗaya. Wata na farko kullum ina ruwa. Na biyu kuɗin shiga nadi, wato kulob, ya fara yi min nauyi sai na koma bahar wajen tsibirin Tuti a Hartum, kuma bahar ba ya gyara maka sakan, ƙarfi yake ba ka da dogon numfashi, ga shi da damina ruwan ya yi ja ya cika ba ya shiguwa. Kafin wata shida na ƙara kilo, lokacina ya koma 62, ba aiki ba gasa, ina zaune wajen mai shayi ina ba yara labarin da. Shekarar nan ban ci ta a ruwa ba ban ci ta a tudu ba. Ba wai don ba ni da zuciya ba, tsarin ne babu, mutum ɗaya ba ya horar da kansa.

Da na zo Jidda na je neman aikin munƙiz, wato mai ceton masu nutsewa, a wani otal, ba zan faɗi suna ba, na ɗauki lambobina a leda har da takardun yabo na zuba wa manajan a tebur. Mutumin nan ko ɗaga su bai yi ba, ya ture su da bayan biro ya ce ina shahadar ceto, wato satifiket, ina ta agajin gaggawa. Babu. Ya ce to zo, ya kai ni wajen zurfi ya sa wani ƙaton ma'aikacinsu ya faɗa ya yi kamar yana nutsewa, ya ce fito da shi. Na tsunduma da salo na iso shi cikin ƙiftawar ido, ta gaba, sai ya rungume min wuya da hannu biyu muka yi ƙasa tare, na sha kulorin har ta hanci, da ƙyar na kuɓuce ina tari a bakin masbah lambobina na can kan tebur. Ranar na san gudu daban ceto daban, mai nutsewa ta baya ake zuwa masa kuma da abin shawagi a hannu. Na ji haushin mutumin shekara guda, yanzu kuwa duk wanda ya zo min neman aiki haka nake masa.

Sai maganar da ta fi duka ɗaci, wadda ƴan Amurka ba su da ita, igama, wato takardar izinin zama. Yaron da ke ƙarƙashin babansa ba zai dawwama a haka ba, in ya kai 25 dole a nema masa kafili, wato wanda zai tsaya masa a takardar zama, kuma in kuna cikin masu biyan kuɗin murafiƙai, wato iyalin da ke ƙarƙashin igamar maigida, tun 2020 riyal 400 ne duk wata a kan kowane mutum, shekara biyu 9,600 kenan kafin a yi maganar kuɗin nadi da abinci, kuma ɗan ninƙaya Hajiya kin fi ni sanin yadda yake share tukunya. Ga shi muhasaba na cikin ayyukan da aka fara ware wa ƴan ƙasa kaso tun 2021, yanzu baƙo sabon gamawa ya samu kamfanin da zai ɗauke shi har ya yi masa naƙali ba abin wasa ba ne, a nan kam ina bayan Alhaji ɗari bisa ɗari. Sannan ko da lokacinsa ya yi kyau ba Saudiyya zai yi wa iyo ba sai da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ƙasar fasfonsa zai wakilta. Gsky ƙasar nan ta buɗe sosai, a Paris sun kai Zaid Al-Sarraj da Mashael Al-Ayed wadda ita ce mace ta farko da ta yi musu ninƙaya a Olamfik, dukkansu ba su kai 18 ba lokacin, amma wannan ƙofar tasu ce. Shi kuma tasa ƙofar ita ce hukumar ninƙaya ta ƙasarsa. Akwai gurbin da ake ba ƙasashen da ba su da wanda ya kai lokacin cancanta, namiji ɗaya mace ɗaya, kuma hukumar duniya World Aquatics tana ɗaukar wasu ta kai su sansanin horo irin na Phuket a Tailan, amma duk ta hannun hukumar ƙasa ake bi, su ke tura suna. To ya rubuta musu tun yanzu da lokutansa na hukuma, ya ji wa ke gabansa. In fasfon Sudan ne da shi kin san halin da ake ciki tun yaƙin 15 ga Afrilu 2023, komai ya warwatse, yaranmu da yawa a Masar da nan Halij, wato ƙasashen Gulf, suke atisaye kowa da aljihunsa.

Da ɗana ne ga abin da zan yi. Ya karɓi aikin, a yi naƙalin, hankalin kowa ya kwanta. Ya nemi nadi mai koci na gaske ya riƙa shiga bayan sallar asuba kafin lokacin aiki, kwana biyar a mako, da albashinsa ba da na Alhaji ba, don wanda ya biya da guminsa ba ya makara. A sa wa abin wa'adi a rubuce, wata goma sha biyu, da lokacin da ake so ya kai, shi da kocinsa su yanka ba ni ba ba ke ba. In ya kai, ni da kaina zan zo in roƙi Alhaji. Kuma cikin shekarar nan ya yi shahadar ceto da ta agajin gaggawa da matakin farko na koyarwa, ba sa cin lokaci, kuma su ne ke kawo kuɗi. Iyaye a garin nan suna neman mai koya wa yara iyo kamar me, musamman da hutun zafi, ni awa uku na yamma sun taɓa fi min albashin wata. Matan ma tun da aka sa wasanni a makarantun ƴan mata a 2017 masu koyarwa mata ba sa isa, duk mai ƴa da ta iya ruwa ta ji wannan. In kuma teku ke burge shi ga Ubhur nan kusa, ya fara kwas ɗin nutso na ƙungiyar koyar da nutso PADI, ana zama Divemaster, wato jagoran masu nutso, da nutso 60 a rubuce, malami kuma 100, ga otal-otal ana ta buɗewa a gaɓar Bahar Maliya, mai digirin muhasaba da ya iya ruwa ya iya Larabci da Turanci ba zai rasa inda zai sa kai ba. Wani abokina da muka yi tawaga ɗaya, wanda kullum nake bari a baya, yanzu shi ke riƙe da lissafin wata cibiyar nutso yana kuma fita da baƙi teku ranar Juma'a da Asabar, ya fi mu duka kwanciyar hankali, in mun haɗu shi ke biyan kuɗin kifi.

Abu ɗaya zan roƙa a wajen Alhaji, ki isar min cikin ladabi, kar a ce wa yaron wasan banza ya yi. Wanda ya yi shekara huɗu yana tashi ƙarfe huɗu da rabi ya shiga ruwan sanyi sannan ya tafi aji kuma bai faɗi jarrabawa ba, ba malalaci ba ne, kuma watannin farko bayan an daina gasa suna da nauyi, ni na yi su, ka tashi da asuba jikinka na neman ruwa ba inda za ka, ka rasa ko kai waye in ba ɗan ninƙaya ba. In kin ga ya yi shiru ya shige ɗaki ba taurin kai ba ne. A rataye masa lambobinsa a falo, ranar walima a faɗe su gaban mutane tare da digirin. Nawa suna can cikin gwangwanin inna, rabona da ganinsu tun kafin yaƙi, da na yi waya kwanaki ta ce ɗaya ta yi tsatsa wai ashe ba zinariyar gaske ba ce an cuce ni.

Ki tambayo min sakan ɗin da tsawon masbah ɗin ki rubuto nan ƙasa, da salon da ya fi ƙwarewa, hurra ne ko rigingine ko kwaɗo. Yanzu ina da yara ƙarfe huɗu, sai bayan isha zan duba waya inshaAllah. A gaida Alhaji.