Asalin Kalmar Sababi

Ɗana, na ga tambayarka a kan abin da ya sa ake cewa mutum yana sababi idan ya ɗaga murya ya yi ta faɗa ba ƙaƙƙautawa, alhali kai a makaranta an koya maka cewa sababi shi ne dalili. Malaminka bai yi kuskure ba, sai dai rabin zancen ya ba ka.

Kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma sabab a wurin Larabawa igiya ce da ake kaiwa ga abu da ita, kamar yadda igiyar guga take kai mutum ga ruwan rijiya. Da wannan ma'ana ta zo a aya ta 15 ta Suratul Hajji. Daga nan ta zama sunan duk abin da ke sadar da wani abu ga wani, wato dalili, shi ya sa malaman tafsiri suke cewa asbabun nuzuli, wato dalilan saukar ayoyi, mu kuma muke cewa musabbabin rigima.

Amma baƙaƙen sabab guda uku, wato harafin sin ɗaya da harafin ba guda biyu, su ne kuma suka haifi kalmar zagi a Larabci. Da ita aka hana zagin abin bautar mushirikai a aya ta 108 ta Suratul An'am, kuma sibab, wato zagi, ita ce ta zo a hadisin Bukhari da Muslim wanda ya ce zagin Musulmi fasiƙanci ne. Har yatsan da muke kira manuniya Larabawa suna ce masa sabbaba, domin da shi ake nuna mutum yayin zagi. A ganina, kunnen Bahaushe ya ji kalmomin biyu sun yi kama, sai ya zuba su a mazubi ɗaya, kuma bai yi asara ba.

Ka lura cewa mai ɓaɓatu yana iya yin abinsa shi kaɗai, amma masababbi ba ya farawa sai ya sami ɗan dalili, komai ƙanƙantarsa, ya kama shi ya yi ta ja har ya tono laifin shekaru goma. Wannan ne ya sa kakarka, Allah ya jiƙanta, ba ta tanka wa mai sababi sai ya huce, domin ta san duk kalmar da ta mayar masa tsawo za ta ƙara wa igiyar.