Shin karkatar da jirgi zuwa wani filin yana nufin an kusa haɗari?

Ka tambaya ko sauya akalar jirginku zuwa wani filin, bayan matuƙi ya sanar da cewa wata na'ura ta samu matsala, yana nufin kun kusa faɗuwa ne. A mafi yawan lokuta ba haka ba ne, rigakafi ne kawai. Da zarar fitilar gargaɗi ta kunna, matuƙi ɗaya yakan ci gaba da riƙe jirgin, ɗayan kuma ya buɗe littafin matakan gaggawa yana bin su layi bayan layi, sannan su sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage. Muhimman na'urori, kamar janareta da kwamfutocin tuƙi, bibbiyu ko uku-uku ake sa su, kuma jirgi mai inji biyu an ƙera shi yadda zai iya tafiya ya sauka da inji ɗaya. Ana sauka ne don kada a yi nisa bayan an fara dogaro da na'urorin ajiya.

Abin da na lura ya fi tayar wa fasinjoji hankali shi ne shawagin da jirgi ke yi kafin ya sauka, da motocin kashe gobara da ke jira a gefen titinsa, alhali shawagin sau da yawa rage mai ake yi, domin jirgi cike da mai ya fi nauyin da aka amince ya sauka da shi. Inda lamarin ya bambanta shi ne hayaƙi ko wuta: nan ba a jira, matuƙi zai kira "Mayday", wato kiran neman agajin gaggawa, ya nufi filin da ya fi kusa kai tsaye.