Me ya sa anga ta ja a Sawakin?

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa jirgin ruwanmu ya ja da baya cikin dare a gefen tsibirin Sawakin da ke gaɓar Sudan, alhali angarmu, ƙarfen da muke saki ƙasan ruwa don ya riƙe jirgi, mai nauyi ce, kuma ka saki sarƙa mita 18 a ruwa mai zurfin mita 6. Har kana cewa ko a sayo wadda ta fi ta girma. Bar kuɗin a aljihu. Angar lafiyarta ƙalau, sarƙa ka yi mata rowa.

Anga kamar fartanya take. Idan aka ja ta a kwance sai ta nutse cikin ƙasa, idan aka ja ta sama sai ta tumɓuke. Aikin sarƙa shi ne ta kwanta a ƙasan ruwa don jan ya zo wa anga a kwance. Da iskar arewa ta taso jiya, gajeriyar sarƙarka ta miƙe tsaf, ta ɗaga wuyan angar, shi ke nan ta saki laka.

Ko a lissafin ma ka manta abu guda. Daga goshin jirgi ake fara awo, don daga nan sarƙa take sauka. Goshinmu ya haura ruwa da mita ɗaya da rabi, ka ga zurfin ya zama bakwai da rabi. Ninka shi sau biyar, kusan mita 38 ke nan. In iska ta yi tsanani, ninka sau bakwai, muddin akwai filin da jirgi zai juya bai bugi maƙwabci ba. Sarƙar da ke naɗe cikin akwati ba ta riƙe kowa. A nan ma Allah ya rangwanta mana, domin cika da janyewar teku kaɗan ce ƙwarai a wannan yanki na Bahar Maliya. A wasu tekunan sai ka ƙara mitocin da ruwa zai hau kafin asuba.

Na kuma lura da yadda ka sake ta. Ka zube sarƙar gaba ɗaya a kan angar kamar mai juye buhun gero. Juya goshin jirgi ya fuskanci iska, ka tsaya cik, ka sauke anga har ta taɓa ƙasa, sannan ka riƙa sakin sarƙa sannu a hankali jirgi yana ja da baya. In ta kai tsawon da kake so, sa inji a ribas na minti ɗaya ko biyu, ka ɗora tafin ƙafarka a kan sarƙar, nesa da na'urar naɗi. In ka ji tana karkarwa tana gurnani, angar tafiya take yi. In ta yi tauri ta yi shiru, ta kama. Daga nan ka ɗaura igiyar nailan a jikin sarƙar don ta shanye fizgar iska.

Kafin magariba nemi shaida a tudu. Hasumiyar masallaci tana nan a tsibirin, tsakanin rusassun gidajen da aka gina da murjani, dutsen nan da ke girma a cikin teku, waɗanda suka fara zama kufai tun da aka buɗe tashar Fot Sudan a 1909. Daidaita ta da wani abu da ke bayanta, ka riƙe a ido. In suka rabu sosai cikin dare, tashe ni, kada ka ji nauyina. Duk lokacin da na dubi hasumiyar nan sai in tuna kakanninmu da suka tako tun daga Kano da Sakkwato, suka zauna a bakin ruwan nan suna jiran jirgin Jidda.

Cikin Sawakin laka ce, tana riƙo. A waje, wajen tsibiran da murjani ya kewaye, idonka ne malaminka. Shiga da hantsi zuwa azahar, rana tana sama ko tana bayanka, kai kuma kana tsaye a goshi. Shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske yashi ne, nan za ka saki anga. Ruwan kasa-kasa murjani ne, kauce masa. Anga tana maƙalewa a cikinsa har sai an yi nutso, ga shi sarƙa tana farfasa abin da ya yi shekaru yana girma, gidan kifin da masunta ke ci da shi.

In kuwa ka tarar da ƙwallon ɗaure jirgi yana yawo a saman ruwa, kada ka amince masa don ka gan shi da sabon fenti. Sa tabaran nutso ka bi igiyar har gindinta, ka duba ko ta lalace ko ƙarfen ya yi tsatsa.

Gobe bayan asuba fito da sarƙar duka ka shimfiɗa ta a kan jirgi, mu shafa mata fenti a kowace mita 10. Da la'asar kai za ka saki anga, ni ina kan sitiyari.