Me ya kawo jini cikin maganar gafara?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa mu Kirista ba ma raba gafara da jini, kika ce ai Allah mai iko ne, in ya ga dama sai ya ce ya yafe, a wuce wurin. Na daɗe ina koyar da ajin masu shirin baftisma, kuma da wuya mu gama aji ba wanda ya yi mini wannan tambayar. Ni kaina ta taɓa hana ni barci.

Bashi ne ya fara warware mini ita. Wani abokina ya ranci kuɗi a wurina, aka yi ta yau da gobe har na gane ba za su dawo ba. Ranar da na ce masa na yafe, ya tafi da ransa fes, ni kuwa na koma gida ina lissafin yadda zan cike ramin. Ashe yafe bashi ba ya sa asarar ta ɓace, komawa take yi kan wanda ya yafe. Da wannan idon na sake karanta Littafi Mai Tsarki.

A Littafin Firistoci 17:11 an faɗi dalilin a fili: ran kowace halitta yana cikin jininta. Saboda haka in an ce jini, rai ake nufi, ran da aka bayar a madadin wani. Sura 16 ta bayyana Ranar Kafara. A wancan zamani, sau ɗaya tak a shekara babban firist yake shiga Wuri Mafi Tsarki, wato ɗakin can ciki na wurin sujada, a bayan labule, kuma ba ya shiga hannu rabbana. Yakan fara da jinin bijimi saboda zunubin kansa da na gidansa. Sannan bunsuru biyu: a yanka ɗaya a yayyafa jininsa, ɗayan kuma firist ya ɗora masa hannuwa biyu a ka, ya furta laifofin jama'a, a kora shi jeji. Badi a sake. Wannan maimaitawar ce marubucin littafin Ibraniyawa ya kama a sura 10, ya ce jinin bijimai da na awaki ba ya iya kawar da zunubi, sai dai ya riƙa tuna wa mutane da shi kowace shekara.

To, a nan ne maganar Yesu ta shigo. Yahaya Mai Baftisma ya kira shi Ɗan Rago na Allah, Yesu da kansa kuma a jibin ƙarshe da ya ci da almajiransa ya ɗauki ƙoƙo ya ce jininsa ne na alkawari, wanda za a zubar domin gafarar zunuban mutane da yawa. Littafin Matiyu ya ce lokacin da Yesu ya mutu a kan gicciye labulen Haikali, wanda ya tsare Wuri Mafi Tsarki, ya tsage daga sama har ƙasa. Abin da muka gaskata shi ne, ba wani bare Allah ya kama ya ɗora wa laifinmu ba. Mai bin bashin ne ya zo cikin Almasihu ya ɗauki asarar.

Masana sun sha muhawara kan yadda fansar take aiki. Wasu na farko sun ce Shaiɗan aka biya, Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya ƙi wannan a rubutunsa na 1098, ya ce hakkin Allah ne aka taɓa. Ni na fi karkata ga ra'ayin Anselm.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasunmu suka mai da "jinin Yesu" kamar laya. A rufe mota da shi, a rufe kaya da shi, mutum kuma yana gaba da ɗan'uwansa shekara uku, ko gaisawa ba sa yi. Na taɓa faɗin haka a aji, wani dattijo ya yi fushi da ni har mako biyu bai zo ba.